Sawu a Jikin Tebur

Su uku ne a ofishin, a bene na biyu, sama da shagon magani da na tela. Aikinsu binciken shari'a. Suna tattara hukunce-hukuncen da kotuna suka yanke wa gungun 'yan damfarar intanet, su karanta a tsanake, su rubuta wa alƙalai da masu gyaran doka inda hanya ta karkace.

Shugabarsu Barista tana da ilimi da suna, ba ta da hutu. Mataimakinta Farfesa bai taɓa koyar da kowa ba, sunan tsokana ne ya bi shi tun makaranta. Yana da amsar kowace tambaya, amma ba shi da haƙurin jin tambayar zuwa ƙarshe. Ta ukun ita ce Sakatariya, wadda ke sauraron muryoyin shaidu tana mayar da su rubutu. Tana da 'ya ɗaya. Abin da ba ta da shi labarin mijinta, wanda ya tafi neman aiki ƙetare tun yarinyar tana ajin farko, ya yi waya na 'yan watanni, daga nan shiru. Shi ya raɗa wa yarinyar 'Yar Baba, sunan kuma ya zauna ko da shi bai zauna ba. Kullum in an tashi daga makaranta nan take zuwa, ta hau bencin bakin taga ta jira uwarta.

A ƙuryar ofishin akwai ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, a ciki kwamfuta guda da ba a taɓa haɗa ta da intanet ba. Suna kiranta Kurma. A cikinta suke ajiye muryar duk wanda ya yarda ya yi musu magana a asirce. Cikin waɗannan akwai wani tsohon ɗan gungu da ya tuba, ya faɗa musu yadda ake aikin tun daga sama har ƙasa, bisa alkawarin muryarsa ba za ta fita daga ɗakin ba.

Ranar Litinin da safe wani ya kira mutumin nan. Bai ce masa komai ba, ya kunna masa a kunne muryarsa da aka ajiye cikin Kurma, ya kashe waya.

Kafin azahar an ɗauke shi an sake masa maɓoya. Hukumar da ta ba su aikin ta ce kafin ƙarshen mako Barista ta miƙa wa 'yan sanda sunan wanda ya buɗe Kurma. Ita kuwa Kurma ta riga ta faɗi suna: ranar Alhamis da yamma an buɗe ta da kalmar sirrin Sakatariya.

Barista ba ta kira 'yan sanda ba tukuna. Kawunta ta kira.

*

Kawu yayan mahaifiyarta ne, tsohon ɗan sanda da ya yi suna wajen bin sawu. A zamaninsa yakan dubi ƙasa ya faɗa maka ko mai tafiyar yana ɗauke da kaya ko hannunsa sake. Tun da ya ajiye aiki, abin da ya fi duba wayarsa ce. Tana zaune a aljihun gaba, kusa da ƙirji, domin yana da ɗa a wata ƙasa mai nisa da kan ce, "Zan kira ka, Baba," sai wata ya shige wata.

Bai kai ga hawa bene ba Tela ya tare shi, tef rataye a wuya.

"Baba, kai aka kira? Ai da ba ka wahalar da gwiwarka ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mijin Sakatariya fa a cikin 'yan damfarar yake, kowa ya sani."

"Kowa wa?"

"To, kowa dai."

Mai Magani ya leƙo ta saman kantar shagonsa. "Da ɗan gari akan ci gari, Baba. Ni dai na ga ta sa sabon takalmi makon jiya."

Kawu ya dube shi. "Kai ma ga sabon tabarau a idonka. Wa ka damfara?"

Tela ya yi dariya har da dafa bango. Kawu ya hau bene a hankali, ya san cewa in mako ya ƙare a haka, ginin nan ya gama yanke wa matar hukunci kafin alƙali ya gan ta.

*

"Abin da muka shekara muna rubutawa ke nan, Kawu," in ji Farfesa, yana zagaya tebur. "Manyan suna wata ƙasa, na'urorinsu suna wata. Alƙali yana zaune, a gabansa mutum ɗaya tak, wanda aka shiga da mabuɗinsa. In ya ce bai sani ba, babu mai tsaya masa. A yawancin shari'un da muka karanta shi ake ɗaurewa, a ce an yi maganin gungu."

"Wato an kama wutsiya, ƙadangare ya haye katanga."

"Da na samu wannan maganar tun farko da rahoton bai yi kauri haka ba."

Barista ba ta yi murmushi ba. "Tare muka share ofishin nan ranar da muka buɗe shi, ni da Sakatariya. Ban yarda ita ce ba, Kawu, amma yardata ba hujja ba ce. In na miƙa sunanta ba za ta fito ba. Na san yadda abin ke tafiya, ni na rubuta shi. 'Yarta kuma ba ta da kowa sai ita."

"Ranar Alhamis da yamma kina ina?"

"Wajen taro, har magariba."

"Wa ke ofis?"

"Ita ta ce ta tafi kotu karɓo kwafin hukunci. In haka ne, babu kowa."

Kawu ya juya wajen Farfesa. "Kai fa, wa ka..."

"Babu kowa. Ni na fita tun da rana. Amma ka nemi Injiniya, mai gyara mana kwamfuta. Shi ya san cikin Kurma kamar aljihunsa."

*

Shagon Injiniya yana bayan tasha, cike da matattun kwamfutoci an jera su har rufi. Ya saurari Kawu yana hura ƙura daga cikin wata.

"Ni na kurmantar da ita da hannuna, Baba. Daga nesa ko aljani ba zai shige ta ba. Sai mutum ya zauna a gabanta, ya buɗe ta, ya soka mata igiyar waya."

"Kai ka zauna?"

"Ranar Alhamis ina asibiti, matata ta haifi tagwaye. Je ka tambayi nas, har korata ta yi daga bakin ƙofa." Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Amma tunda Farfesa ya turo ka, ka tambaye shi ina ya nufa da kwat da rana tsaka. Ina hanyar asibiti na gan shi a tasha yana gumi kamar mai zuwa neman aure."

Kawu ya yi masa barka ya koma. Ya sami Farfesa shi kaɗai a bakin matakala, ya tambaye shi. Farfesa ya yi ta gyara wuyan riga kafin ya buɗe baki.

"Neman aiki na je, wani kamfani. Don Allah kada Barista ta ji."

"Sun ɗauke ka?"

"Sun ce ina katse mutane."

Kawu ya sa ya kira kamfanin a gabansa. Gaskiya ya faɗa. Hanya biyu sun toshe, saura wadda kowa ke nunawa da baki.

*

Sakatariya doguwa ce, mai magana ƙasa-ƙasa. Idanunta sun nuna ba ta samu barci ba. Ta ce ta je kotu, layi ya yi tsawo, akawun kuma ba ya ɗaga kai ya ga fuskar mutum, balle ya tuna ta.

"Makullin ɗakin nan fa?"

"Yana jakata. Na bar ta a aljihun tebur, ba a shiga wajen da jaka."

"Wa kika bari a ofis?"

"Babu kowa. Na kulle ƙofar waje."

"Kalmar sirrin, wa kika taɓa faɗa wa?"

"Ban taɓa faɗa wa kowa ba, Kawu. Ko a takarda ban rubuta ba."

"Buɗe min Kurma in gani, 'yata."

Ta zauna, ƙafafunta biyu a shimfiɗe a ƙasa, ta ɗora yatsu a madannai. Kawu yana tsaye a bayanta sai ya ji wani siririn sauti. Leɓɓanta ne. Shekara da shekaru tana sauraron magana tana maimaitawa a hankali kafin yatsunta su rubuta, har abin ya zama jiki: duk abin da hannunta zai buga sai bakinta ya riga shi. Ita ba ta jin kanta. Shi kuwa ya ji sarai. Sunan namiji ne, irin wanda mace ke kiran mijinta da shi a cikin ɗaki.

Ya roƙe ta ta tashi, ya dafa kujera ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ƙasa ba ta da abin faɗa, an share ta an goge. Amma teburin yana da allon katako a ciki, inda ƙafafun mai zama ke fuskanta. A jikin allon, sama da ƙasa da kamar taƙi ɗaya, akwai 'yan baƙaƙen tabo a jere, dama da hagu, dama da hagu. Ya shafa ɗaya da yatsa ya shinshina. Man goge takalmi ne.

Babba in ya zauna, ƙafarsa tana ƙasa. Wanda ya bar wannan sawun, ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba.

Kawu ya daɗe a durƙushe fiye da yadda aikin ke bukata.

*

'Yar Baba tana kan benci da kayan makaranta, littafi buɗe a gefenta ba ta kallonsa. A cinyarta wata tsohuwar waya ce mai tsagaggiyar fuska. Ƙafafunta suna lilo, bakin takalmanta yana bugun bango, dama da hagu.

"Ƙawata, matsa wa tsoho."

Ta matsa. "Kaka, kai ne mai kama ɓarayi?"

"Da can. Yanzu ko kaza ta gudu sai in yi mata addu'a."

Ta yi dariya, amma idonta ya koma kan wayar. Ta taɓa ta, haske ya kawo, babu komai, ta bari ya mutu. Ba a jima ba ta sake taɓawa. Kawu ya san wannan kallon. Shi yake yi kullum bayan sallar asuba.

Sai tasa wayar ta motsa a aljihu. Ya zaro ta da saurin da ya ba shi kunya. Tallan kamfanin waya ne.

"Kai ma wani kake jira?" in ji ta.

"Ɗana. Yana nesa."

"Zai kira," ta ce da tabbaci irin na manya. "In ka yi masa abin da ya ce, zai kira."

"Ke wa kike jira?"

Ta rufe baki da hannu, idanunta suna dariya. Ta leƙa ko uwarta na kusa, sannan ta matso kunnensa. "Sirri ne. Babana zai dawo. So muke mu ba Mama mamaki."

Ta ba shi labarin da sauri, kamar wadda abin ya daɗe yana cika mata ciki. Ya fara kira makonni kaɗan da suka wuce. Ya ce ya ɓatar da lambarsu, shekaru yana nema, sai yanzu Allah ya haɗa. Ya tuna waƙar da yake mata in za ta yi barci. Ya ce wasu mugaye sun yi masa ƙarya a kotu, shi ya sa ba ya iya dawowa, amma takardar da za ta wanke shi tana cikin kwamfutar Mama. Abin da za ta yi kaɗan ne: ta buɗe, ta haɗa wayar da igiyar caji, ta danna abin da ya turo mata.

"Na yi daidai, bai ɓaci ba ko kaɗan. Ya ce ni jaruma ce. Yau zai kira ya faɗa min ranar da zai zo." Ta dube shi. "Ba za ka faɗa ba ko?"

"Ƙawata, ba na yin alkawarin da ba zan cika ba. Amma duk abin da zan yi, ba zan bari a taɓa ki ba. Wannan na ɗauka."

Ta ɗan ɓata fuska, ta koma kan wayarta.

*

Da la'asar Kawu ya tara su a ofishin Barista: ita, Farfesa, Sakatariya, da Injiniya da aka kira ya zo yana hamma. Ya tura ƙofa, ya bar yarinyar a benci.

"Na tambayi mutum uku wa ke ofis ranar Alhamis," ya ce. "Duk kun ce min babu kowa. Ba ƙarya kuka yi ba. Kun yi ƙofar ƙarfe, kun yanke intanet, kun yi tsaron baƙo ta kowace fuska. Amma akwai mai zama a nan kullum, tana jin duk abin da ake faɗa, tana ganin inda ake ajiye makulli. Kun saba da ita har kun daina ƙirga ta. Su ba su daina ba."

Farfesa ya buɗe baki, karo na farko ya rufe shi da kansa.

Kawu ya faɗi abin da ya gani a jikin tebur, da abin da ya ji daga leɓɓan Sakatariya, da abin da yarinyar ta gaya masa. Bai ƙara gishiri ba. Yana magana Sakatariya tana miƙewa a hankali, hannunta a kan bakinta.

"Ni ce," ta ce. "Barista, rubuta sunana. Ni na buɗe. Ku bar min yarinya."

"Zauna, 'yar'uwa," in ji Barista.

"Na ce ni ce."

"Ki zauna ki ji. Babu kotun da za ta tuhumi yarinya mai shekarunta, wadda aka yaudara. Ita ba ta cikin haɗari. Ke ce a ciki, kuma in kika ɗauki laifin nan kin gama yi musu aikinsu. Wa zai ɗauko ta daga makaranta? Tela?"

Sakatariya ta koma ta zauna.

"Abin da zai fitar da ke yana cinyarta," in ji Kawu. "Muryarsa tana cikin wayar nan, da saƙonninsa, da abin da ya turo. A ciki yana ce mata kada Mama ta sani. Wannan maganar ita ce shaidarki."

Injiniya ya gyaɗa kai. "Kada dai a goge komai. Masu bincike za su iya bin ta har inda ta fito."

"Har wajensa ke nan," in ji Sakatariya.



"Layin da ke cikin wayar nan shi ne wanda ya sani," ta ci gaba, tana kallon tafin hannunta. "Da na sayi sabuwar waya ban iya rufe shi ba. Duk wata sai na sa masa kati don kada ya mutu. Ina cewa wata rana zai tuna. Da na gaji da dubawa sai na ba ta ta riƙa wasa." Ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Ashe ya tuna."

Kawu ya ji nauyin tasa wayar a ƙirji. Ya ce, "'Yata, babu wanda zai ƙwace ta a hannunki. Ke za ki bayar."

Ta goge fuska da gefen mayafi ta ce, "A bayar. Amma ba a hannuna take ba."

*

'Yar Baba ta ƙanƙame wayar da hannu biyu da ta ji abin da ake so.

"A'a. Ya ce yau zai kira. In kuka tafi da ita ya kira bai same ni ba fa?"

Uwarta ta durƙusa a gabanta. Kawu ya dubi Barista, ta gane, ta koma ofishinta ta ja ƙofa.

"Ba a gaggawa," ya ce. "Mu jira tare, ƙawata. Ke da taki, ni da tawa."

Ya zauna a gefenta ya ɗora wayarsa a gwiwa. Uwar ta zauna a ɗaya gefen. Rana ta sauka daga kan taga zuwa bango. A ƙasa keken Tela ya yi shiru, aka ji Mai Magani yana jan ƙofar shagonsa. Farfesa ya fito da jakarsa, ya tsaya kamar zai ce wani abu, ya wuce a kan yatsun ƙafa. Ƙafafun yarinyar da ke lilo suka rage sauri, har suka tsaya.

"Kaka, in ni na kira shi fa? Ya ce kada in kira, amma sau ɗaya."

"Kira."

Ta danna ta kai kunne. Muryar mace ta ce wannan lambar ba ta aiki. Ta sake. Muryar ta maimaita, da ladabi, ba ƙari ba ragi.

Ta sauke wayar ta zuba mata ido. Kawu yana ganin yadda take lissafi a ranta, kamar yadda yara ke yi in an ba su tambayar da ta fi ajinsu.

"Mama."

"Na'am."

"Da can kin taɓa canja lambar nan?"

"A'a."

"Ko ta taɓa lalacewa, aka daɗe ba a gyara ba?"

"Ban taɓa bari ta mutu ba, 'Yar Baba. Ko kwana ɗaya."

Yarinyar ba ta yi kuka ba a lokacin, sai daga baya a hanyar gida. Ta shafa tsagar da ke fuskar wayar da babban yatsa, ta miƙa wa Kawu, sannan ta jingina da kafaɗar uwarta. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe ta a hankicinsa, ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar Barista.

A ranar 'Yar Baba ta gane cewa babanta bai taɓa ɓatar da lambarsu ba. Yana da ita tun ranar da ya tafi, bai dai kira ba sai da yake son a buɗe masa ƙofa.